Nagra III da Uher 4000 Report: wace ta fi?

Kafin kaset ya zo, mai ɗaukar murya a waje yakan rataya rikoda mai faifai biyu a kafaɗa, zare na zagayawa daga ɗaya zuwa ɗaya. Biyu ne suka fi yin suna.

Nagra III ta fito a 1958 daga kamfanin Stefan Kudelski a Suwizalan. Jikinta na alminiyam ne, tana cin manyan batura 12, kuma nauyinta sai mai ƙarfin kafaɗa. Amma zarenta na iya gudun santimita 38 a daƙiƙa, abin da ke sa murya ta fito tas. Kawuna uku gare ta da zare ke bi ta kansu, na gogewa, na ɗauka da na saurare, don haka mutum na jin abin da ya hau zare tun yana cikin ɗauka. Da aka ƙara mata tsarin daidaita murya da hoton kyamara, sai masu shirya fim suka rungume ta hannu bibbiyu. Tsadarta kuwa ba a magana.

Uher ta Jamus ta biyo baya a 1961, daga birnin Munich. Batura 5 sun ishe ta, ba ta wuce kilo uku da ɗoriya ba, maɓallanta a jere a sama. Iyakar gudunta santimita 19 ne, amma tana sauka har 2.4, inda faifai ɗaya zai ɗauki doguwar hira. Wakilan BBC sun daɗe suna yawo da ita.

A ganina, in waƙa ko fim za a ɗauka, Nagra ce. Ɗan jarida mai bin taro da kasuwa kuwa, Uher ta ishe shi.