Motsa rubutun taitil da kifirem: CapCut ko Premiere Pro?

Ɗan'uwa da ka yi tambaya cewa kana so sunan bidiyonka ya shigo daga gefe ya tsaya a tsakiya, kuma wanne ya fi tsakanin manhajojin haɗa bidiyo CapCut da Premiere Pro, to ga ɗan abin da na sani, don duka biyun ina taɓa su.

Shi kifirem ba wani tashin hankali ba ne, alama ce kake dasawa a wani lokaci na cikin bidiyon ka ce wa manhaja "a nan rubutun yana can gefe", ka matsa gaba ka dasa wata ka ce "a nan kuma ya iso tsakiya", tafiyar da ke tsakani ita za ta cike da kanta. Guda biyu sun isa a fara.

A CapCut na waya in ka taɓa rubutun za ka ga wata 'yar alama mai siffar daimon a saman taimlayin (layin da ke nuna tsawon bidiyon), ka danna ta, ka ja bidiyon gaba kaɗan, ka ja rubutun da yatsa, shi ke nan ta dasa ta biyun ba sai ka ce mata ba. Minti ɗaya ka gama. Kai in ma kana sauri akwai motsin da aka riga aka shirya na shiga da fita, ka zaɓa kawai, sai dai fa kowa su yake amfani da su, mai ido da ya gani ya san daga ina ya fito. Inda take ba ni haushi shi ne yatsa, kana jan rubutun zuwa dama sai ya ɗan goce sama ba ka lura ba, sai ka kunna ka ga yana shigowa a karkace.

Premiere kuwa lamba ce ke magana. Ka buɗe Effect Controls, kusa da Position akwai hoton ɗan agogo, ka kunna shi. In bidiyonka 1920 da 1080 ne, tsakiya ita ce 960 da 540, ka canza lambar farko kaɗai ka bar ta biyun, rubutu zai tafi a miƙe sambal ba gocewa. Wata dabara da na daɗe ban gano ba, fara dasa kifirem na inda kake so ya tsaya, sannan ka koma baya ka ture shi waje, ya fi ka yi ta lalube. Sannan in girman rubutun za ka ƙara, yi a Vector Motion, in ka yi a Motion na ƙasa bakin haruffan yakan dushe.

Amma gaskiya abin da ke sa a gane aikin sabon hannu ba manhajar ba ce, birki ne. In ka bar kifirem yadda ya zo, rubutu zai taho da gudu ɗaya tun daga farko ya tsaya cak kamar ya daki bango. A Premiere ka danna dama a kan kifirem na ƙarshe ka zaɓi Ease In, na farkon kuma Ease Out (sunayen na rikita mutane, ni ma na sha juya su), in ka buɗe 'yar kibiyar da ke gefen Position za ka ga zanen gudun, ka ja shi da hannu yadda zai fito da ƙarfi ya sauka a hankali. CapCut ma tana da nata zanen da za ka zaɓa, yana yi, amma bai kai wancan sakin hannu ba. Kuma kar ka ja abin da tsawo, a bidiyo mai firem 30 (wato hotuna 30) a sakan, firem 15 rabin sakan ke nan, ya ishi taitil ya shigo, wanda ya kai sakan 2 yana rarrafe mai kallo ya gaji.

Ni dai in gajeren bidiyo ne na TikTok ko Facebook a waya nake gamawa ban ma kunna kwamfuta. In kuma taitil biyar ko shida ne da dole su shigo iri ɗaya, Premiere, don kwafe kifirem ɗin zan yi in manna wa sauran. In harafi-harafi kake so su riƙa faɗowa kowanne da nasa motsin, wannan aikin manhajar After Effects ne, wata maganar ce daban.

Abu ɗaya da duka biyun za su yi maka, da zarar ka dasa na farko duk gyaran da ka yi a wani wuri sabon kifirem ne, na taɓa ɗan matsar da rubutu a sakan na 5 sai da na fitar da bidiyon na ga yana sulalewa ƙasa shi kaɗai. In hakan ta faru nemo wanda ya yi kutsen ka goge shi kaɗai, kar ka kashe agogon nan na Premiere, duka zai share.