Kafin ka biya kuɗin kifin ado saboda kalarsa: guppy, betta, goldfish ko koi?

Masu tambaya wane kifin ado zasu saya kusan dukansu kala ce ke jansu, toh sai dai kalar da ka gani a shago ba lallai ita zaka gani a gidanka bayan wata uku ba. Akwai kalar da ke cikin jini, wadda masu kiwo suka yi shekaru suna zaɓen uwa da uba suna haɗawa har ta zauna, akwai kuma wadda aka ɗora ma kifin don ya shiga kasuwa. Sannan duk kifin da aka matsa ma zaɓen iri don kyau, yawanci jikinsa ne ke biyan kuɗin, gashi mu nan ga zafi ga rashin wuta.

Guppy nake fara nuna ma sabon shiga. Ɗan ƙarami ne, asalinsa yankin Tirinidad da Benezuwela, kuma shi baya yin ƙwai, haihuwa macen take yi kusan duk wata. Namijin ne mai kala da doguwar wutsiya, macen babba ce amma fara-fara haka ba wani ado, kuma da yawa daga zanen jikin namijin daga uba yake gadonsa kai tsaye, shi yasa in zakayi kiwo uban zaka ƙura ma ido. Abinda masu shago basa faɗa maka shine macen tana ajiye maniyyin namiji a jikinta ta haihu sau da dama dashi, kenan in ka sayi mace daga tankin da aka cakuɗa su ka kawota gida ka haɗata da jan namijinka mai tsada, 'ya'yan farko zasu iya fitowa kala-kala kace an cuceka alhali tun a shago ta ɗauko cikin. In iri ɗaya kake so ka nemi wanda ke raba maza da mata tun suna ƙanana. Masu tsantsar iri ɗinnan sun fi raki, saboda auren dangi yayi musu yawa, gama-garin da ake sayarwa da araha sun fi su jure wahala nesa ba kusa ba. Ruwan bohol mai ɗan nauyi baya damunsu, amma rayuwarsu gajeriya ce, shekara biyu haka.

Betta kuwa, kifin faɗan Tailan, inaga shine yafi dacewa da mai ɗaki ɗaya da NEPA ke wasa dashi, domin yana hawowa sama ya shaƙi iska da bakinsa, ko famfon iska ya tsaya baya mutuwa da wuri. Yana son ruwa mai ɗumi, digiri 25 zuwa 28, matsalarsa sai hunturu in ruwa yayi sanyi da asuba zakaga ya kwanta a ƙasa yaƙi cin abinci. Namiji ɗaya a tanki, biyu zasu yaga juna. Wajen zaɓe fa a nan ake rikicewa. Irin da ake kira halfmoon wutsiyarsa buɗewa take kamar mafici, kyau kam ba magana, amma nauyinta na gajiyar dashi har wani ya riƙa cizon abarsa, plakat mai gajeren wutsiya yafi kuzari da lafiya kuma ni shi zan ɗauka. Mai dabbare-dabbare da ake kira marble ko koi betta, kalarsa canzawa take da kanta, ka sayi fari da ja da baƙi bayan 'yan watanni ya koma shuɗi gaba ɗaya, ba ciwo bane haka jininsa yake, amma in zanen ne ya saka biyan kuɗin toh ka sani. Dragon scale mai kaurin ɓawo mai sheƙi shima ka duba idonsa da kyau, ɓawon kan bi ya rufe idon har ya makance. A Tailan an taɓa sayar da betta mai kalar tutar ƙasar baht 53,500, kuɗin ƙasar kenan, a 2016.

Goldfish shi kowa ya sani, 'yan Sin suka fara tace irinsa sama da shekara dubu da suka wuce. Gaskiya bana ba mutum shawararsa in ɗakinsa na ɗaukar zafi irin na watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, kifin ruwan sanyi ne, ga yin kashi da yawa, dole sai babban tanki da filta mai aiki, kwalbar nan zagayayya da ake ɗorawa a tebur kashe shi take a hankali. Baƙi ko mai ɗigon baƙi sau da yawa komawa yake ruwan lemo in ya girma. Masu ƙaton ido da masu kumburi a ƙasan ido kuwa ka barsu kawai, basa gani sosai, abu kaɗan ke ji musu ciwo.

Koi ba na falo bane sam, yana kai santimita 60 har sama, yana shekara 25 ko fi, sai kwami babba mai zurfi da inuwa da wutar da bata yankewa. Manoman shinkafa na Niigata a Japan suka fara ware masu kala tun wajen shekarun 1800, aka baje su a Tokyo a 1914 daga nan suka bazu. Cikin ire-irensa, Kohaku fari da ja, Sanke an ƙara masa ɗigon baƙi, Showa kuma baƙin ne yafi yawa. Tsadarsa daga zaɓe take zuwa, uwa ɗaya zata zuba ƙwai dubbai masu yawa amma kaɗan ƙwarai ake bari, sauran a fitar, a 2018 an sayar da kohaku guda ɗaya yen miliyan 203 na kuɗin Japan. Don haka in wani yace maka ga koi ɗan Japan a kuɗin kati, cikin waɗanda aka fitar wajen zaɓe ne ko kuma kiwon wani wuri.

Wanda zan roƙeka dan Allah kar ka saya shine kifin da aka yi ma allurar fenti, zakaga ɗan kifi garai-garai kamar gilashi da layi ruwan hoda ko kore mai ƙyalli a bayansa, fentin gogewa yake cikin watanni kuma da yawansu cuta ke kashe su kafin nan. Haka wanda aka ɗura ma homon, wato sinadarin da ke sa kala ta fito da wuri, in kaga ƙananan kifi duka maza da mata sun yi jawur tun basu girma ba akwai alamar tambaya. Kifi mai ƙyalli da ake kira GloFish daban ne, shi ƙwayar halittarsa aka taɓa, ya shiga kasuwar Amurka a 2003, kalarsa bata gogewa har 'ya'yansa na gado, sai dai ƙyallin nasa yafi fitowa ƙarƙashin shuɗiyar fitila.

A shago kace a kashe fitilar kalar nan a ɗebo maka kifin a roba ka fita dashi hasken rana, ka duba bayansa a miƙe yake, fiffikensa a buɗe, ba farin ɗigo a jiki, sannan kace a zuba abinci kaga ko yana ci. In mai kiwon ne da kansa ka nemi ya nuna maka iyayen. Ruwan famfo kuma kar ka zuba kai tsaye, ka sa maganin cire kulorin ko ka barshi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti tukunna.