Ciragan ko Four Seasons na Sultanahmet? Amsa ga angon da zai kai amarya Istanbul

Assalamu alaikum 'yan gida. Angonmu da ya yi tambaya jiya da daddare, ya ce bayan biki yana so ya ɗauki amarya su tafi Istanbul kwana huɗu zuwa biyar, kuma ya rasa wanda zai kama tsakanin Ciragan Palace Kempinski da Four Seasons na Sultanahmet. Toh da farko Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Na ga wasu sun ce maka ai duk ɗaya ne tunda duk tauraro biyar ne, gaskiya ban yarda ba, otal ɗin nan biyu kowanne irin hutun da zai ba ku daban ne kwata-kwata, kuma kuɗin da za ka zuba ba ƙarami bane balle a ce ka rufe ido kawai ka zaɓa.

Kafin komai ka lura Four Seasons biyu ne a garin. Akwai na Sultanahmet da kake magana, akwai kuma na bakin ruwan Bosforus, mashigin tekun da ya raba garin gida biyu, wanda yake maƙwabtaka da Ciragan ɗin ma. Ka duba sunan da kyau kafin ka biya, don a shafukan kama ɗaki suna fitowa kusa da juna.

Bari na fara da Ciragan. Asalinsa fadar sarki ce, Sarki Abdul'aziz na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya gina ta a unguwar Beshiktash a daidai bakin ruwa, gobara ta cinye ta a watan Janairun 1910 ta bar bango kawai, ta yi shekaru da yawa a haka kafin a gyara ta a mayar da wurin otal. Amma ga abinda hotunan intanet ba sa faɗa maka, ita fadar da kake gani ɗin nan mai ado, sassan kwana 11 ne kawai a cikinta kuma su ne mafi tsada a gidan gaba ɗaya, sauran ɗakunan wajen 300 suna cikin sabon gini ne da ke gefenta a harabar. Ma'ana in ka kama ɗaki na yau da kullum ba a cikin fadar za ku kwana ba, za dai ku riƙa shiga ku zaga ku ci abinci, akwai gidan abincinsu mai suna Tugra a ciki da ke yin girkin zamanin sarakunan. Gara ka sani tun yanzu ka kuma faɗa wa amarya, kar ta sa rai da abinda ta gani a hoto ku isa ranta ya sosu a daren farko.

Abinda ake biya wa kuɗi a Ciragan ruwa ne. Ka buɗe labule da asuba ga Bosforus a gabanka, jirage manya da ƙanana suna wucewa, tsallaken can ɓangaren Asiya ne kai kana Turai, da daddare kuma a kunna fitilun babbar gadar nan da aka buɗe a 1973. Wallahi ko ba ku fita ko ina ba zama a baranda da shayi kaɗai ya isa hutu, musamman ga mutanen da suka fito daga hidimar biki, kamu da yini da walima da kai amarya da baƙi da ba sa ƙarewa, jiki duk ya yi laushi. Sai dai ɗakunan kashi biyu ne, masu kallon ruwa da masu kallon baya wajen titi da lambun Yildiz, na bayan sun fi sauƙin kuɗi, kuma a ganina duk wanda ya kama na baya ya biya tsadar Ciragan ne ya bar abinda ya sa ake zuwa Ciragan ɗin. In za ka yi, ka yi mai kallon ruwa, ka tabbata an rubuta haka a takardar da za su turo maka, da baranda in so samu ne.

Shi kuwa Four Seasons na Sultanahmet wani labarin ne. Ginin gidan yari ne a da, an gina shi wajen 1918 zuwa 1919, aka buɗe shi a matsayin otal a 1996. Na san wani zai ce haba, amarci a gidan kaso? Ka kwantar da hankalinka, in ba an faɗa maka ba ba za ka gane ba, gini ne ruwan ɗorawa mai tsakar gida cike da furanni, ɗakuna 65 kacal, shi ya sa wurin shiru yake kuma ma'aikata kan gane baƙonsu da wuri, ba kamar babban otal da mutane ke ta shige da fice ba. Babu kallon teku irin na Ciragan, kuma babu wurin ninkaya. Abinda yake da shi wanda Ciragan ba zai taɓa samu ba shi ne inda aka ajiye shi. Ka fito ƙofa tafiyar 'yan mintuna da ƙafa kana Aya Sofiya, wadda aka mayar masallaci a 2020, gabanta kaɗan ga masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya 6, ta ɗaya gefen kuma fadar Topkapi. In kuka hau saman otal ɗin da yamma Aya Sofiya tana nan a gabanku kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Nan ne ni zuciyata ta fi karkata in dai maganar ibada da tarihi ake. Ka yi tunani a kira asuba, ka tashi amarya ku taka da ƙafa ku yi sallah a masallacin Sultan Ahmad da aka gina tun farkon shekarun 1600, lokacin 'yan yawon buɗe ido ba su fito ba filin duk naku ne, ku dawo ku karya. Sannan a Topkapi akwai sashen da aka ajiye kayan amana masu alfarma, ciki har da mayafin da ake danganta wa Manzon Allah SAW da takubban sahabbai, ana karatun Alƙur'ani a wurin ba yankewa. Wanda yake kwana a Sultanahmet zai iya zuwa da sassafe kafin layi ya yi tsawo, ya gaji ya koma ɗaki ya huta ya sake fitowa. Wanda yake Ciragan kuwa sai ya nemi tasi, nisan bai kai kilomita 10 ba amma titin bakin ruwan nan na Beshiktash cunkoso yake yi sosai safe da yamma, ko kuma ku je Kabatash ku hau taram, wato ɗan jirgin ƙasa na cikin gari, layin T1 ya sauke ku a Sultanahmet. Ana yi, ba wani abu bane, amma a tafiyar kwana huɗu duk awar da ta tafi a hanya ana jin ta.

Amma fa unguwar Sultanahmet da rana cike take maƙil da baƙi, ga masu shaguna da masu gidan abinci suna ta kiranka ka shigo, ga masu tallan darduma, in amarya mai kunya ce ko ba ta son hayaniya za ta iya takura. Abincin wajen ma yawanci don baƙi ake yinsa, farashi sama. Ta wannan fannin gefen Ciragan ya fi daɗin yawon yamma, ku taka zuwa unguwar Ortakoy wajen minti 15 da ƙafa, ga ɗan masallacin nan mai kyau a bakin ruwa da gada a bayansa wanda kowa ke ɗaukar hoto, ku sayi kumpir, gasasshen dankalin turawa ne babba da ake tsagawa a cika shi da kayan haɗi, ku zauna ku ci. Ko ku gangara tashar jirgin ruwa ta Beshiktash ku tsallaka Uskudar, a ɓangaren Asiya, da kuɗi kaɗan ku dawo. Fadar Dolmabahce ma tana wannan gefen.

Maganar wurin ninkaya, Ciragan yana da shi a daidai bakin ruwa kuma shi ne hoton da aka fi tallata otal ɗin da shi. Ka dai tambayi kanka ko za ku yi amfani da shi, don maza da mata a haɗe suke, da yawa daga cikin matanmu ba za su shiga ba, kai ma ƙila ba za ka sake ba. In haka ne kar ka sa shi a lissafi, kuma rashinsa a Four Seasons bai rage ka da komai ba. Haka nan Ciragan wuri ne da masu hali suke yin bukukuwan aure da manyan taruka, musamman lokacin zafi, ba laifi bane ka tura musu imel ka tambaya ko akwai taro a ranakun da za ku zauna, ka roƙi ɗakin da ya yi nesa da wurin. Duka otal biyun ana sayar da giya, ka ce a kwashe ta daga firjin ɗaki kafin ku iso, kuma ka faɗa musu amarci kuka zo, irin waɗannan wuraren sukan yi wa ango da amarya ɗan shiri na musamman, sai ka ce abin sha ya zama lemo.

Ranaku ma ka duba su kafin ka yanki tikiti. Topkapi a rufe take ranar Talata, Dolmabahce ranar Litinin, babbar kasuwar nan mai rufi, wadda na san amarya ba za ta yarda a dawo ba a shiga ba, ba ta ci ranar Lahadi, kuma daga Sultanahmet tasha biyu ce a taram. Lokacin sanyi garin yana da ruwan sama da iska mai ratsa jiki, barandar Ciragan ɗin da ka biya ba lallai ku iya zama a kanta ba a Janairu, a nan Four Seasons ya fi. Daga Afrilu zuwa Yuni ko Satumba da Oktoba kuwa bakin ruwa ba a magana.

Toh ga hukuncina tunda shi ka tambaya. In wannan ne zuwanku na farko kuma amarya mai son fita ce da ganin wurare da ziyara da kasuwa, kama Four Seasons na Sultanahmet, ku ware yamma ɗaya ku je Ortakoy ku ga ruwan. In kuma abinda kuke nema shi ne ku rufe ƙofa ku huta ku san juna ba tare da kowa ya dame ku ba, fita sau ɗaya a rana ta ishe ku, Ciragan ne, da sharaɗin ɗaki mai kallon ruwa. In aljihu bai kai na ruwan ba kar ka matsa wa kanka ka kama na baya don suna kawai, koma Sultanahmet. Wasu za su ce ka raba, kwana biyu nan biyu can, ni a kwana huɗu ban so, haɗa akwati da jiran a ba da ɗaki zai cinye muku kusan yini guda, sai in kun kai mako, sannan ku fara da Sultanahmet ku gama yawo ku ƙare a bakin ruwa.

Kuma dan Allah ka nuna mata hotunan duka biyun ka ji ta bakinta kafin ka biya, na san kana so ka ba ta mamaki amma ita ma hutunta ne. Duk inda kuka sauka ku samu lokaci ku je Eyup ku ziyarci kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari RA, ku sa mu a addu'a. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.