Katin hoto na wasan kwamfuta: wanne ne daidai da allonka?

Duk wanda ya ce mini in zaɓar masa katin hoto, wato GPU, sai na fara tambayarsa irin allon da yake da shi. A allon 1080p, ɗigo miliyan 2 da 'yan kai katin ke zanawa a kowane hoto. A 1440p kusan miliyan 3.7 ne, a 4K kuwa ya haura miliyan 8. Shi ya sa katin da ke gudu kamar barewa a 1080p yake komawa tafiyar hawainiya a 4K. Haka nan allon da bai wuce hoto 60 a daƙiƙa ba, ko katin ya fitar da 200 idonka ba zai gan su ba.

Wannan adadi na hoto a daƙiƙa, FPS, shi kowa ke kallo a jadawalin gwaji, amma matsakaici ne kawai. Masu gwajin kirki suna ƙara layi na biyu, na kashi 1 cikin 100 mafi muni, wato lokutan da FPS ya fi faɗuwa, kuma a nan gaskiyar kati take fitowa. Na ɗanɗana wannan da kaina. Akwai wani kati da na yi amfani da shi, yana ba ni hoto 70 a fili, amma da na shiga cikin gari a wasan, inda mutane da motoci suka cika, sai hoton ya ƙame na ɗan ƙiftawar ido, ya saki, ya sake ƙamewa. Bangon gini ya dushe kamar an shafa masa laka. Da na bincika, ashe ma'ajiyar katin ce ta cika fal.

Wannan ma'ajiya, VRAM, ita na fi damuwa da ita yanzu. RTX 4060 da RX 7600 na 2023, da RTX 5060 na 2025, duk gigabait 8 gare su (katunan RTX na kamfanin Nvidia ne, na RX kuma na kamfanin AMD). Ga mai Valorant ko Counter-Strike 2 ko wasan ƙwallo a 1080p, hakan ya isa har da saura. Amma manyan wasannin labari na yanzu, idan ka ɗaga ingancin hoto, suna haɗiye 8 ɗin su nemi ƙari. Kuma a lura da kyau: RTX 5060 Ti da RX 9060 XT kowanne ya zo iri biyu, mai 8 da mai 16, suna ɗaya. Karanta kwalin sau biyu kafin ka biya. Ni mai 16 nake zaɓa, domin ma'ajiyar kati a like take, ba a ƙara ta daga baya.

Idan 1440p ne burinka, RTX 5070 mai gigabait 12 da RX 9070 XT mai 16 su ne mutane suka fi kwatantawa. Na AMD ɗin ya fi ƙarfi a yawancin wasanni, ya kuma fi cin wuta. Inda Nvidia ta daɗe da yin gaba shi ne bin sawun haske, wato kwaikwayon yadda haske ke tafiya a zahiri, fasahar da ta shigo da ita a katunan RTX 20 a 2018. Ka kunna ta a wasan Cyberpunk 2077 lokacin da dare ya yi a cikin wasan, ka ga fitilun titi suna ƙyalli a cikin ruwan da ya kwanta a kwalta, abin gwanin sha'awa ne, sai dai FPS ɗinka zai faɗi sosai. DLSS na Nvidia da FSR na AMD ne ke cike giɓin: katin ya zana ƙaramin hoto, manhaja ta faɗaɗa shi. FSR 4 da ya zo da jerin RX 9000 ya matso kusa da DLSS ƙwarai. Amma hotunan da manhaja ke ƙirƙira ta cusa a tsakanin waɗanda katin ya zana kada su ruɗe ka. Motsi zai yi santsi a ido, saurin amsa umarnin hannunka kuwa ba zai ƙaru ba.

Intel ma tana fage da Arc B580 mai gigabait 12, sai dai yana buƙatar kwamfutar da ke da Resizable BAR a kunne, wato saitin da ke ba ƙwaƙwalwar kwamfuta damar isa ga dukan ma'ajiyar katin a lokaci ɗaya. A tsohuwar kwamfuta ƙarfinsa na raguwa.

Sai batun wuta. RTX 4060 wat 115 yake ja, RTX 5070 yana jan 250, RX 9070 XT kuma ya ɗan haura 300. Buɗe akwatin kwamfutarka ka karanta takardar da ke jikin na'urar rarraba wuta don ka ga wat nawa take bayarwa, ka ƙirga wayoyin da take da su na kati. Sannan ka ɗauki ma'auni ka gwada tsawon gurbin, don katunan da ke da fanka uku sukan kai santimita 30 ko fiye, ƙaramin akwati ba ya ɗaukar su.