Zagayen zamani a wajen 'yan Jain da 'yan Hindu, ba abu ɗaya ba ne

Ɗan'uwa, tambayar da ka yi jiya, wai ko zagayen lokacin da mabiya addinin Jain ke magana a kai na 'yan Hindu ne aka sauya wa suna tunda duk a Indiya suke. A'a gaskiya, kama da wane ba ta wane.

'Yan Hindu zamani huɗu suke ƙirgawa, yuga suke ce musu: Satya, Treta, Dwapara, sai Kali wanda a lissafinsu shi ake ciki tun 3102 kafin haihuwar Annabi Isa, tsawonsa shekara 432,000. Abu yana ta lalacewa, in ya kai maƙura sai Kalki, mai ceton da suke jira, ya bayyana ya kawar da ɓarna a koma Satya kai tsaye. In aka yi zagayen nan sau 1,000 yini ɗaya kenan na Brahma, wanda suke ɗauka a matsayin mahalicci, duniya ta narke a sake ta.

Su kuwa Jain, ka ɗauki tayar keke mai sifok 12, kowane sifok zango ne na zamani, shida na gangara, sunansu avasarpini, shida na hawa, utsarpini. Babu wanda ya halicci tayar a wajensu, babu mai juya ta, ba ta da farko ba ta da ƙarshe, kuma duniyar ba ta taɓa shuɗewa gaba ɗaya. A zangon farko sun ce mutane ko noma ba sa yi, wasu bishiyoyi ne ke ba su ci da sutura, tagwaye ake haifa mace da namiji. A haka ake ta raguwa, tsayi da tsawon rai da jin daɗi, har zango na shida inda mutum bai wuce kamu ɗaya ba, shekara wajen 20 ya mutu, a kogo yake fakewa.

Nan ne ni bambancin ya fi tsaya min a rai. Babu wani Kalki da zai zo ceto. In an kai ƙasa sai a fara hawa a hankali, zango bayan zango, ta hanyar da aka gangaro, wahalar ma sai an sake bi ta cikinta kafin sauƙi.

Yanzu a cewarsu zango na biyar na gangarar ake, dushama, mai shekara 21,000, ya fara shekara uku da 'yan watanni bayan rasuwar Mahavira, wadda suke sa wa 527 kafin haihuwar Annabi Isa. Mahavira shi ne na ƙarshe cikin manyan jagorori 24 da ake kira tirthankara, na farkonsu Rishabha, kuma kowane rabin taya da nasa 24 ɗin. A wannan zangon sun ce babu mai samun kuɓuta ta ƙarshe, wato fita daga zagayen mutuwa da sake haihuwa, a yankinmu, sai dai mutum ya yi aikin kirki a sake haifarsa a Mahavideha, wani yanki da tayar ba ta shafa, inda suke cewa wani tirthankara mai suna Simandhara yana raye yana koyarwa har yau.