Mai tattaki kullum: wane man kariya daga rana ya kamata ka saya?

Wanda ke fita tattaki na minti 30 kwana biyar a mako ya cika minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar su riƙa yi. Amma fatarsa ma tana shan rana daidai wannan lokacin, kuma illar taruwa take a hankali: tabo, dushewar fuska, yamushewa da wuri, wani lokaci har sankarar fata. Baƙar fata tana da nata kariyar, sai dai ba ta isa ba, musamman wajen tabo.

Fara da lambar SPF da ke jikin kwalbar. Tana nuna kariya daga hasken UVB ne, wanda ke ƙona fata. SPF 15 yana tare kusan kashi 93 cikin ɗari, 30 kusan 97, 50 kuma kusan 98. Ka ga tazarar 30 da 50 kaɗan ce. Ga yawancin masu tattaki 30 ya wadatar. Zabiya, da mai tabon da ke ƙara duhu a rana, da wanda likita ya ce maganinsa na sa fata saurin ƙonewa, su ɗauki 50. Lambar ba ta faɗin komai game da UVA, wanda ya fi shiga cikin fata ya kuma tsufar da ita, don haka ka nemi haruffan UVA a cikin da'ira ko alamar PA++++. In babu wata shaidar kariya daga UVA, ajiye shi.

Sai sinadarin ciki, inda masu duhun fata suka fi shan wahala. Mai ɗauke da zinc oxide ko titanium dioxide ba ya cika yi wa fata zafi ko sa ido raɗaɗi, shi ya sa ya dace da mai fata mai saurin ƙaiƙayi. Matsalarsa, yakan bar fuska da toka-toka, kuma wanda ya ga haka a madubi sai ya rage shafawa, kariyar ta tafi. Mai irin su avobenzone da octocrylene yana ɓacewa a jiki ba tare da alama ba, amma gumi kan kwaso shi daga goshi zuwa ido. Ga mai fama da tabo, wanda aka haɗa da iron oxide ya fi, mai launin fata, domin yana tare har hasken da ido ke gani, wanda shi ma ke ƙara duhun tabo. Gwada shi a muƙamuƙi cikin hasken rana kafin ka sayi babbar kwalba.

A ganinmu, yawan abin da ka shafa ya fi lambar muhimmanci. Ana auna SPF ne da miligiram 2 a kan kowane santimita murabba'i na fata, mutane kuwa galibi rabin haka ko ƙasa suke shafawa. Fuska da wuya na buƙatar kusan rabin ƙaramin cokali. Jiki duka kusan mililita 30. Gara SPF 30 mai sauƙin kuɗi da za ka shafa a wadace da SPF 50 mai tsada da za ka riƙa tsakura. Shafa shi minti 15 kafin fita, kada ka manta kunnuwa, ƙeya da bayan hannu, ka sake bayan awa 2. Mai yawan gumi ya duba wanda aka rubuta yana jure ruwa na minti 40 ko 80. Da zarar ka goge fuska da hankici, man ya tafi. Na fesawa yana da saurin amfani, amma iska na kwashe da yawa. Duba ranar lalacewa, kuma kada ka bar shi cikin mota mai zafi.

Tufafi ba sa buƙatar sake shafawa. Rigar da aka rubuta UPF 50 tana barin kashi 2 cikin ɗari kacal na hasken ya ratsa, alhali kariyar farar singileti ta auduga ba ta wuce UPF 5 zuwa 7, in ta jiƙe da gumi kuma ta ƙara raguwa. Ɗaga yadi ka kalli haske ta cikinsa: in kana hangen komai, rana ma tana wucewa. Malafa mai faɗin baki kamar santimita 7.5 ta fi hular hana-salla nesa ba kusa ba, don ita tana rufe kunne da ƙeya. Tabarau kuwa a nemi alamar UV400. Duhun gilashi ba shaida ba ne.

In lokaci a hannunka yake, yi tattakin kafin ƙarfe 10 na safe ko bayan 4 na yamma. Duk sa'ad da inuwarka ta fi ka gajarta, rana na kan ganiyarta, kuma gajimare ba ya hana yawancin hasken isowa.