Ma'aikaciyar jinyar da muka ɗauko wa Inna

Tun da aka yi wa Inna aikin sankarar mama aka ɗora ta a kan shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, duk bayan kwana 21 sai mun kama hanyar Yamai, tafiyar sama da kilomita 600. A can cibiyar yaƙi da cutar daji ta ƙasa take, kuma can za a yi mata gashi, wato ƙona cutar da hasken inji, in an gama shimiyo, tunda injin ya fara aiki a 2021. Amma wahalar duk a gida take, a kwanakin da ke tsakani. Shi ya sa muka ɗauki ma'aikaciyar jinya ta musamman daga wani kilinik a nan Maradi, duk da kuɗin na ci mana tuwo a ƙwarya.

Dare na goma bayan zagaye na biyu, wajen ƙarfe biyu, jikin Inna ya ɗau zafi, haƙoranta na haɗuwa. Na auna, 38.4. Har na ɓallo farasitamol, sai na ce bari in kira ma'aikaciyar jinyar. Bugu ɗaya ta ɗauka. "Yaya, kar ki ba ta komai. Ki sa mata mayafi, gani nan." A kabu-kabu ta iso unguwarmu, Zariya, da silifas a ƙafa. A hanyar asibiti take gaya mini cewa daga kwana 7 zuwa 14 bayan shimiyo sojojin jini kan yi ƙasa sosai, zazzaɓi a lokacin ba abin jiran safiya ba ne, kuma farasitamol ɓoye shi kawai yake yi. Aka ɗebi jini, aka sa wa Inna ƙarin ruwa da magani. Har aka kira asuba tana riƙe da hannunta tana cewa "Sannu Inna." Allah ya saka wa wannan baiwar Allah da alheri.

Kilinik ɗin kuwa har yau ina jin haushinsu. Da ta tafi hutun mako ɗaya, ko waya ba su yi mana ba, sai ga wata sun turo, ko takardun Inna ba ta buɗe ba. Ta kama hannun hagu, ɓangaren da aka yi aikin, za ta soka allura. Hannun da likita ya ja mana kunne a kansa saboda kumburi! Inna da kanta ta janye. Da na kai ƙara, haƙuri kawai aka ba ni, kuɗin wata kuma cif suka karɓa. Ba don ma'aikaciyar jinyarmu ta farko ba, da tun ranar na raba gari da su.